Tambayoyi da Amsoshi Kan Lambobin Kira da Saitin Adaftar Wayar Intanet

Wayar tebur ba ta san intanet ba, intanet kuma ba ta san kukan layi ko ƙararrawa ba, shi ya sa ake sa adafta a tsakaninsu, wadda masu sana'ar suke taƙaita sunanta da ATA. Akasarin koken da ake kawowa a kanta ba na lalacewar na'ura ba ne. Lambar da hannu ya saba bugawa ce take saɓa wa siffar lambar da kamfanin layi yake jira, ko kuma wani saiti guda aka bari yadda ya fito daga masana'anta, alhali an tsara shi ne domin wata ƙasa dabam.

Mece ce adafta, kuma wane aiki take yi?

Ƙaramin akwati ne mai ramuka iri biyu. Ƙaramin ramin, mai suna RJ11, shi ne na wayar tebur, kuma ana kiransa FXS. Babban, RJ45, shi ne na igiyar da ke zuwa rauta, wato na'urar da ke rarraba intanet a gida. Adaftar ce take ba wayar wuta, ita ce take yin kukan da ake ji idan an ɗaga mariƙi, ita ce take kaɗa ƙararrawa, sannan ta tattara lambobin da aka danna ta miƙa wa kamfanin layi ta hanyar yarjejeniyar SIP, wadda aka daidaita siffarta ta yanzu a 2002. Ita kuwa muryar kanta ta wata hanya take bi, mai suna RTP, kuma wannan rabuwa ita ce tushen matsaloli da dama da za su zo a ƙasa. Daga cikin adaftocin da ake gani a kasuwa akwai Linksys PAP2T da Cisco SPA112 da Grandstream HT801 da HT802. Wasu, kamar SPA3102 da HT813, suna da ƙarin rami mai suna FXO na haɗa tsohon layin ƙasa, kuma kuskure ne babba a soka igiyar layin ƙasa mai wuta a ramin FXS, domin tana iya ƙona shi.

Lambar da take shiga a wayar hannu ta ƙi shiga ta adafta. Me ya jawo haka?

Wayar hannu ta san ƙasar da take, domin turken sadarwar da ta kama ya gaya mata. Adafta ba ta da wannan sani. Ko a Kantin Kwari aka ajiye ta, idan kamfanin layin yana Landan ko Amurka, to a can kiran yake sauka da farko, kuma da ƙa'idar can za a karanta lambar. Wanda ya buga lamba mai farawa da 0803 ya san Najeriya yake nufi, amma na'urar kamfanin ba ta ga abin da ya nuna haka ba.

Saboda haka tambaya ta farko da ya kamata a yi wa kowane kamfani, tun kafin a taɓa saiti ko ɗaya, ita ce da wace siffa yake karɓar lamba. Wasu suna son lambar ƙasa kai tsaye ba tare da komai a gabanta ba, wato 234 sai sauran lambar. Wasu suna son 00 a gaba, na Amurka da Kanada kuma yawanci 011. Dukkansu suna komawa ga tsarin E.164 na Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya, wanda ya ce cikakkiyar lamba, haɗe da lambar ƙasa, ba za ta wuce alƙaluma 15 ba. Wanda ya san amsar wannan tambaya ya gama fiye da rabin aikinsa.

Yaushe ake jefar da sifilin farko, yaushe ake barinsa?

A ƙasashe da yawa sifilin farko ba ya cikin asalin lambar, alama ce kawai ta kira a cikin gida, don haka ana jefar da shi idan an sa lambar ƙasa. Haka abin yake a Najeriya mai 234, inda lambar wayar hannu mai alƙaluma 11 take komawa 10, da Ghana mai 233, da Sudan mai 249, da Saudiyya mai 966, da Birtaniya mai 44, da Masar mai 20. Nijar mai 227 da Chadi mai 235 ba su da wannan sifili, lambobinsu masu alƙaluma 8 ne kuma yadda suke ake buga su. Kamaru mai 237 ma haka, sai dai tata ta koma alƙaluma 9 tun 2014.

Akwai inda jefar da sifilin yake kashe kiran. Layukan ƙasa na Italiya suna riƙe sifilinsu, ta yadda lambar birnin Rum take zama 39 sai 06. Kodebuwa, mai 225, ta koma alƙaluma 10 a farkon 2021, kuma lambobin wayar hannunta masu farawa da 01 ko 05 ko 07 ba a taɓa musu sifili. Wanda ya rubuta wa adaftarsa doka ɗaya ta goge kowane sifili zai yi ta mamakin dalilin da ya sa Abijan kaɗai take ƙin shiga.

Mene ne bambancin 00 da 011 da 009 da alamar tarawa (+)?

Duk aikinsu ɗaya ne, wato sanar da cewa kiran zai fita waje. 00 ce ta yawancin duniya, 011 ta Amurka da Kanada da ƙasashen da suke tarayya da su a lambar 1, 009 kuma ita ce aka sani a Najeriya tun zamanin NITEL. Alamar tarawa tana tsayawa ne a madadin kowace daga cikinsu, amma wayar tebur ba ta da maɓallinta, saboda haka dole adafta ta yi fassarar.

Kada a kuskura a ba adafta izinin karɓar 00 da 009 a lokaci guda, musamman a gidan da ake kiran Makka da Madina. Wanda ya buga 00966 yana nufin Saudiyya, amma adaftar tana iya karanta shi a matsayin 009 sai 66, kuma 66 lambar Tailan ce. Haka 0091 na Indiya zai iya komawa 009 sai 1, ya nufi Amurka. A zaɓi guda a tsaya a kanta, kuma 00 ta fi sauƙi.

Yaya ake karanta jerin alamomin da ke akwatin Dial Plan?

Wannan akwati shi ne ƙa'idar buga lamba, kuma shi ne zuciyar saitin gaba ɗaya. A na'urorin Linksys da Cisco, harafin x yana nufin kowane alƙalami daga 0 zuwa 9. Ɗigo yana nufin abin da ya gabace shi zai iya maimaituwa ko sau nawa ne. Tsayayyen layi yana raba doka da doka. Alƙaluman da ke cikin baka mai kusurwa huɗu zaɓi ne, ɗaya daga cikinsu ake so. S0 yana nufin a tura nan take ba jira. Alamar motsin rai (!) kuma tana haramta lambar. Mafi amfani a cikinsu ita ce ta musanya, inda ake rubuta abin da mutum zai buga, sai ɗigo biyu, sai abin da za a tura a madadinsa.

Ga misali ga wanda kamfaninsa yake son lambar ƙasa ba komai a gabanta:

(<0:234>[789]xxxxxxxxxS0|<00:>xxxxxxx.|*xx)

Doka ta farko tana cewa duk lambar da ta fara da sifili, 7 ko 8 ko 9 ya biyo, sannan wasu alƙaluma tara suka cika ta, a cire sifilin a sa 234 a tura nan take. Ta biyu tana cewa duk abin da ya fara da 00 a cire 00 ɗin a tura sauran. Ta uku tana barin lambobin tauraro su wuce. Da wannan, dattijon da ya haddace lambar ɗansa tun shekaru ashirin zai ci gaba da bugawa yadda ya saba, ba tare da an ɗora masa koyon 234 ba. A ganina wannan ne babban amfanin akwatin: na'ura ce ya kamata ta bi al'adar mutanen gida, ba su ba ne za su bi tata.

Grandstream tana da nata salon. Tana amfani da lanƙwasasshiyar baka a waje, da alamar daidai a maimakon ɗigo biyu, da x+ a maimakon x mai ɗigo, ta yadda dokar farko za ta zama <0=234>[789]xxxxxxxxx. Kwafe ƙa'idar wani kamfani zuwa na'urar wani ba ya aiki.

Me ya sa ake shiru mai tsawo bayan an gama buga lamba?

Adafta ba ta san an gama ba, tana jiran ko za a ƙara. Abin da ake yawan gani shi ne mutum ya danna lambar ƙarshe, ya kara mariƙi a kunne, ya ji tsit, ya bubbuga wayar, ya ajiye ya ce layin ya mutu, alhali saura daƙiƙa biyu kiran ya fita. Linksys da Cisco suna da agogo biyu: dogo na daƙiƙa 10, wanda yake aiki idan lambar ba ta cika wata doka ba tukuna, da gajere na daƙiƙa 3 idan ta cika amma ana iya ƙarawa. Grandstream tana jiran daƙiƙa 4. Maganin shi ne a sa S0 ga duk lambar da aka san tsawonta, ko a danna hash, wato maɓallin #, bayan an gama. Ana iya rage dogon agogon, amma idan ya yi ƙasa da daƙiƙa 4 ko 5, mai karanta lamba daga takarda zai ga an tura rabinta kafin ya ɗago kai.

Na buga lambar Najeriya, Bature ya ɗauka. Ina kiran ya tafi?

Wannan yana faruwa ga masu kamfanin Amurka. A can lambar cikin gida mai alƙaluma 10 ce, kuma lambar wayar hannun Najeriya da aka cire wa sifili ita ma 10 ce cif. Lambar yanki 803 ta jihar Karolina ta Kudu ce, 805 ta Kalifoniya, 802 ta Vermont, 703 ta Virginia, 809 kuwa ta Jamhuriyar Dominikan ce, wadda kiran ƙasar waje ne da kuɗinsa dabam ko da yake tana ƙarƙashin lambar 1. Abin ban dariya, ita kanta 234 lambar yanki ce a arewa maso gabashin jihar Ohio, wajen birnin Akron. Idan ƙa'idar adaftar tana tura kowace lamba da zarar ta kai alƙaluma 10, wanda ya fara da 234 ba tare da 011 ba za a yanke masa lambar a tsakiya a aika Ohio. Ga irin wannan kamfani, musanyar da ta dace ita ce <0:011234>.

Lambobin tauraro na adafta ne ko na kamfani?

Na duka biyun, kuma a nan rikici yake tashi. Na'urorin Linksys suna fitowa da lambobin Amurka: *72 na karkatar da kira, *73 na soke karkatarwa, *69 na mayar da kira ga wanda ya kira na ƙarshe, *67 na ɓoye lamba, *78 na hana shigowar kira, *79 na buɗewa. Adaftar takan cafke su ta aiwatar da kanta, kamfanin bai ma gani ba. Idan kamfanin yana amfani da *98 domin sauraron saƙon murya, ita kuma adaftar ta ware *98 domin miƙa kira ga wani, ba za a taɓa kaiwa ga saƙon ba sai an shiga shafin Regional an goge lambar daga jerin. Duk wayar da take kira lafiya amma ta daina karɓa ba dalili, a fara gwada *79 da *73, domin yara masu wasa da maɓalli sun sha kunna waɗannan biyun.

Ta ina ake shiga saitin?

A Linksys da Cisco, a ɗaga mariƙi a danna tauraro sau huɗu, sannan 110 da hash, murya za ta karanto adireshin na'urar. A Grandstream tauraro uku ne, sai 02. Ana rubuta adireshin a burauzar kwamfutar da ke kan rauta ɗaya da adaftar.

Waɗanne akwatuna ne dole a cike, kuma me lambobin kuskure suke nufi?

Uku ne kawai na dole: adireshin kamfani, wanda ake rubutawa a Proxy ko SIP Server, da sunan mai layi, da kalmar sirri. Wasu kamfanoni suna ba da suna na biyu domin tantancewa. Kafar SIP ta asali, wato lambar mashigar da saƙonta yake bi, ita ce 5060, ta ɓoyayyen saƙo, wato TLS, kuma 5061. Sauran akwatunan, da suka fi ɗari, a bar su har sai an ga matsala, kuma idan za a taɓa su a sauya ɗaya a gwada kafin a koma ga wani.

Idan rajistar adafta a wurin kamfani ta ƙi, ko kira ya ƙi tafiya, lambar kuskuren da ta fito takan nuna hanya. 401 ko 407 da suke ta maimaituwa suna nufin suna ko kalmar sirri ba daidai ba ne. 403 an hana ne, sau da yawa saboda kuɗi ya ƙare ko an rufe kiran ƙasar. 404 ba a gane lambar ba, wanda yawanci laifin ƙa'idar bugawa ne. 408 ba a sami amsa ba. 486 layin yana cikin magana. 488 kuma ɓangarorin biyu ba su daidaita kan kodek ba, wato tsarin da ake mayar da murya data da shi.

Ina jin mai magana, shi ba ya jina. Ko kuma ina kira amma ba a samuna.

Tushen biyun ɗaya ne. Adafta tana bayan rauta, da adireshin cikin gida wanda duniya ba ta gani, kuma rautar takan buɗe ƙofa ne kawai ga abin da ya fara fita daga ciki, ta rufe bayan ɗan lokaci. Tunda SIP da RTP hanyarsu dabam, ƙararrawa tana iya wucewa murya ta maƙale. A Linksys muryar tana bin kafofi daga 16384 zuwa 16482, a Grandstream tana farawa daga 5004.

Mataki na farko shi ne a nemi wani abu mai suna SIP ALG a cikin rauta a kashe shi. An yi shi ne domin taimako, amma ɓarnarsa ta fi amfaninsa. Na biyu, a kunna NAT Keep Alive domin adaftar ta riƙa aika ɗan saƙo ƙofar ta zauna a buɗe. Na uku, a rage tsawon rajista daga daƙiƙa 3600 zuwa 'yan mintuna, idan kamfanin ya amince. STUN, mai kafa 3478, yana taimakon adafta ta san adireshinta na waje, sai dai kada a kunna shi idan kamfanin ya ce ba ya buƙata. Masu rauta ta katin waya sun fi shan wahala, domin kamfanonin wayar hannu sukan haɗa ɗimbin mutane a kan adireshi guda, ta yadda buɗe kafa a rautar gida ba ya tsinana komai. A wurinsu sauya hanyar da SIP take bi zuwa TCP ko TLS a saitin adafta yakan fi yin magani.

Wane kodek ya fi, kuma data nawa kira yake ci?

G.711 ya fi tsabtar murya. Yana cin kilobit 64 a daƙiƙa, da kayan da ake naɗe shi ya kai wajen 87, wato kusan megabait 1.3 a minti idan an haɗa zuwa da dawowa. Kala biyu ne: u-law na Amurka da Japan, A-law na Turai da sauran duniya. G.729 yana matse murya zuwa kilobit 8, ya tashi wajen 31 da naɗinsa, bai kai rabin megabait a minti ba, amma sautin yakan ɗan dushe. Ba yawan gudu ne yake gyara kira ba, daidaituwar gudun ce. Jinkirin da ya wuce kashi 150 cikin 1000 na daƙiƙa a hanya ɗaya shi ne yake sa mutane su fara katse wa juna magana.

Na kira banki, na danna lamba, na'urarsu ba ta ji ba.

Sautin maɓalli, mai suna DTMF, hanya uku yake bi: a cikin murya, ko ta tsarin RFC 2833 wanda RFC 4733 ya gaje shi, ko ta SIP INFO. Idan aka bar shi a cikin murya tare da G.729, matsewar takan dagula shi. A zaɓi RFC 2833, wanda Linksys take kira AVT.

Ƙararrawa tana kaɗawa amma lamba ba ta fitowa a fuskar waya.

Wayar tebur tana jin yaren ƙasar da aka ƙera ta dominta. Ta Amurka tana jiran tsarin Bellcore, wanda yake aiko lambar tsakanin ƙararrawa ta farko da ta biyu. Na Turai suna bin tsarin ETSI. Ta Birtaniya kuma tana jiran a juya mata wutar layi kafin lambar ta zo. A daidaita adaftar da asalin wayar, ba da ƙasar da ake zaune ba. Haka saurin kaɗawar wutar ƙararrawa: Amurka 20 ne a ma'aunin Hertz, Birtaniya da Turai 25, kuma tsohuwar waya takan ƙi yin ƙara idan ba a ba ta nata ba.

Za a iya dogara da ita wajen kiran gaggawa? Idan an ɗauke wuta fa?

A'a. Kiran 112 a Najeriya, ko 17 da 18 a Nijar, yana buƙatar layin da ya san inda mai kira yake, kuma kamfanin waje ba shi da hanyar kai shi ofishin da ke kusa. A ajiye wayar hannu domin wannan. Batun wuta kuwa, tsohon layin ƙasa daga ofishin waya yake samun tasa, amma adafta da rauta suna mutuwa tare da wutar gida. HT801 da HT802 suna cin volt 5 ta ƙaramin ramin USB, saboda haka batirin cajin waya yana riƙe su, in dai rautar ma an yi mata tanadi.

Wayar tana ƙara da tsakar dare daga lamba 100 ko 1000, an ɗauka ba kowa.

Manhajojin ɓarayi ne suke yawo a intanet suna ƙwanƙwasa kafar 5060 suna neman na'urar da aka bari a sake. Abin da suke so shi ne su sami kalmar sirri su yi ta kiran lambobi masu tsada, kuɗin ya hau kan mai layi. A sauya kalmar sirrin da na'urar ta zo da ita tun ranar farko, a hana shiga shafin saiti daga waje, a umarci adaftar ta karɓi kira daga adireshin kamfani kaɗai, sannan a haramta lambobin tauraron ɗan'adam da na hanyoyin sadarwa na musamman, irin su 870 da 881 da 882 da 883, ta hanyar ƙara doka kamar 00870x.! a ƙa'idar bugawa. Layin da ake sa wa kuɗi kaɗan-kaɗan ya fi aminci a kan wanda aka ɗaure da katin banki.

Na sayi adafta ta hannu, ta ƙi buɗe shafin saiti.

Da yawa daga cikin tsofaffin adaftocin da ake shigowa da su kamfanonin waje ne suka raba wa abokan cinikinsu a kulle, kuma da zarar sun ga intanet sai su koma su ɗauko saitin tsohon kamfaninsu. A Linksys da Cisco, tauraro huɗu sannan 73738 da hash, sai a danna 1 domin tabbatarwa, yana mayar da na'ura yadda ta fito daga masana'anta, kuma yana goge komai har da kalmar sirrin layi, don haka a rubuta saitin a takarda kafin a danna. Idan muryar ta nemi kalmar sirri kafin ta yarda ta goge, na'urar a kulle take, kuma mayar wa mai shago ita ya fi sauƙi. Mai saye ya roƙi a jona ta a shagon da wayar tebur, ya danna tauraro huɗun da hannunsa, ya ga shafin mai gudanarwa ya buɗe kafin ya ƙirga kuɗi.